Irin da Aka Ɓoye a Tulun Ubangiji

Aminiyata Rahila, aje abin da ke hannunki ki ba ni hankalinki, don maganar nan ta cika mini ciki. Inna Liyatu ce ta ɗora mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana. Kin san ta, matar marigayi Habila ta Unguwar Tudu, wadda take zama a bencin gaba a majami'a saboda kunnenta ya yi nauyi. Gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya hawa tsani kuma. Ga shi a gidansu, tun zamanin mijinta, mutum ɗaya ne yake shiga rumbu. Shi ke ɗebo hatsi, shi ke cewa yau ga abin da za a daka, shi ke cewa a ba wane, wane kuma ya yi haƙuri. Wanda tsanin ke hannunsa, cikin kowa a gidan yana hannunsa har wata kakar. Yanzu dole ta miƙa tsanin ga ɗaya daga cikin 'ya'yanta uku, ta rasa wanda za ta ba. Shi ne ta kwaso ƙafa ta zo wurina, wai tunda ni ce nake karanta mana Maganar Allah a Zumuntar Mata, ni zan faɗa mata. Ni da na koyi haɗa baƙi a kan tabarma da goyo a bayana, yau an mai da ni alƙali.

Bari in fara gaya miki su wane ne, don kin daɗe ba ki hau tudun nan ba.

Babbarsu Afiniki ce. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan uwarta da 'ya'yanta biyu. Matar nan idan ta riƙe abu, sai dai ki haƙura. Sabulu da zare take yanka shi, ta ba kowa ɗan falle kamar mai rabon magani. Ƙanzon tukunya ba ya isa wurin kaji a gidan nan, shanya shi take yi ta tara a buhu. Ashana ba ta ƙyastawa muddin akwai hayaƙi a gidan maƙwabta, da sakaina take zuwa ɗibar garwashi. Na taɓa kai mata ziyara ta ba ni shayi, har yau ban tabbata sukari ya leƙa kofin nan ba.

Na biyu Barnaba. Shi kuma hannunsa rariya ne. An ɗinka masa rigar Kirsimeti, kafin Sabuwar Shekara an gan ta a jikin wani. Ya taɓa fita da akuya zai kai ta kiwo, ya dawo da igiya kaɗai, wai ya gamu da mutumin da matarsa ta haihu babu abin yankawa. Matarsa Tabita ta yi kuka har ta gaji, yanzu ko gishiri ta samu, a ɗakin Afiniki take ajiye shi. In aka yi masa faɗa sai ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya ba mu jiya ai bai mutu ba." Bai mutu ba kam. Amma ta hannun Afiniki yake yawan ba su, shi kuwa Barnaba bai taɓa lura ba.

Auta shi ne Sila. Shi bai iya riƙewa ba, bai iya bayarwa ba, don abu bai taɓa daɗewa a hannunsa har ya yi ɗaya daga ciki ba. Abin da ya iya shi ne roƙo da aro. Gemu ya cika masa fuska, amma fartanyar da yake noma da ita ta aro ce, keken da yake hawa na aro ne, bokitina ma yana wurinsa tun bara. Ya san lokacin da kowane gida a unguwar nan yake sauke tukunya, kuma daidai lokacin ne yake tuna yana da gaisuwar da bai kai ba. Abin haushin, ba a iya yin fushi da shi ya daɗe. Zai ci tuwonki, ya yabi miyar har kunya ta sa ki ƙara masa, ya tashi ya gyara miki dangar da ta faɗi ba ki sa shi ba, ya bar miki labarin gidaje bakwai, ya tafi da na gidanki.

Akwai abu biyu a gidan da dole ki sani. Gonarsu a kan tudu take, tsakuwa ce zalla, ba ta riƙe ruwa. Dawar da kowa yake shukawa ba ta kai ga nuna a can, ruwa yake ɗaukewa ya bar ta da ciki. Marigayi Habila ne ya samo wata gajeriyar dawa ja daga wani wuri mai nisa, mai saurin nuna, ita kaɗai ce ta yarda da gonar. A duk yankinmu su kaɗai suke da irinta, don masu ƙasa mai kyau sun raina ta, zangarniyarta ƙarama ce. Ranar da irin nan ya ɓace, gonar ta zama wurin kiwon awaki, gidan kuma ya watse neman ƙodago a gonakin mutane.

Abu na biyu shi ne tulun Ubangiji. Shi ma Habila ne ya kafa al'adar. Duk lokacin da aka auna hatsin dakawa, sai a ɗebi dintsi guda a zuba a wani tulu da ke kusurwar zaure. Abin da ya shiga tulun ya fita daga hannun gidan. Dokar da ya bari ita ce, duk ɗan gidan da ya ji labarin wanda yake cikin matsi, ya ɗauki tulun ya kai, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Kuma komai tsananin yunwa, ba a taɓa sa hannu a ciki don cikin gida ba. Yara ma ko wasa ba sa yi kusa da shi.

To, kin tuna yadda daminar bara ta yi mana. Abin da suka girbe bai kai rabin na kullum ba. Tun a gona, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Afiniki ta bi ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta rataye su a saman murhu hayaƙi yana dukansu. Da rani ya yi nisa ta sauke, ta murje da hannunta, ta cakuɗa da toka da barkono saboda ƙwari. Kafin Ista rumbu ya nuna ƙasa. Aka koma garin rogo, aka koma rama da tafasa, yara suna wuni a gindin mangwaro suna cin ɗanye. Idon kowa ya koma kan irin. Tabita ta ce a ɗan ɗebi kaɗan a dama wa yara kunu, ai ba duka za a shuka ba. Afiniki ta ce a'a. Sila ya riƙa shiga ɗakinta neman allura, neman zare, idonsa yana yawo a ƙarƙashin gado. Ta ce masa abin da yake nema ba ya nan. Sai 'yarta ta cikinta ta kwanta zazzaɓi, bakinta ya ƙi komai, kunun dawa kawai take kira. Ga dawa a ɗakin, hannu kawai za ta miƙa. Matar nan ta zauna kusa da 'yarta tana shafa mata kai, ba ta miƙa ba. Ta ɗauki zanenta na Zumunta, wanda ko wanki ba ta yarda a yi masa da ƙarfi, ta kai wa wata mai awo ta karɓo gero. Ranar taronmu ta zo da zane na gida, mata suna ƙus-ƙus, ta zauna a baya. Yarinyar ta warke, iri bai ragu da ƙwaya ɗaya ba.

Amma ta ga hannuwa sun yi yawa, ita kuma ba za ta wuni a ɗaki tana gadi ba. Sai ta raba irin biyu. Rabi ta bar shi a tukunya a ƙarƙashin gadonta. Ɗaya rabin ta yi ta tunanin inda babu mai taɓawa, sai ta tuna da tulun Ubangiji. Fanko yake a lokacin, don tun da aka daina awo babu dintsin da za a zuba. Ta juye irin a ciki, ta liƙe bakin da laka, ba ta gaya wa kowa ba. Inna Liyatu ta gani ta ce, "Afiniki, me ya sa kika liƙe bakin tulun?" Ta ce, "Ɓeraye, Inna." Ba ta yi ƙarya ba. Ba ta dai faɗi yawan ƙafafunsu ba.

Ana nan wata Lahadi, ana dab da saukar ruwa, aka yi sanarwa a majami'a cewa gobara ta tashi a Hayin Dinya, can ƙetaren rafi. Masu farautar gafiya ne suka sa wa daji wuta, iska ta kwashe ta ta kai cikin gari, rumbuna suka ƙone. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani tsoho, Baba Irimiya, mai riƙon jikoki marayu, ko tsabar da tsuntsu zai ɗauka ba ta rage masa ba. Barnaba bai tsaya waƙar rufewa ba. Ya zo gida ya ɗaga tulun, ya ji nauyi, farin ciki ya kama shi. A ransa ya ce ashe Yaya tana zubawa a ɓoye ba ta so a sani. Ya saɓa a kafaɗa, da yunwarsa, da ranar bazara a kansa, ya taka har Hayin Dinya.

Tsohon ya fasa lakar, ya sa hannu ya ɗebo. Ya ga toka, ya ga barkono. Sai ya cire hularsa ya ce, "Ɗana, wannan ai iri ne. Kowa ya kawo mini abin ci, Allah ya saka musu. Kai kuma ka kawo mini abin shukawa." Hawaye ya zubo masa. A nan ne Barnaba ya gane abin da ya ɗauko. Shi da bakinsa ya ce gabansa ya faɗi. Da ya buɗe baki ya ce kuskure ne, da tsohon ya mayar masa, babu ko musu. Ya dubi tsohon, ya dubi jikokin da suka kewaye tulun, ya ce, "A shuka lafiya, Baba."

Ya iso gida ya tarar da Afiniki tsaye a zaure, tana kallon kusurwar da babu komai.

Ta ce, "Barnaba, ina tulun?"

Ya ce, "Na kai wa Mai shi, Yaya."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Sai da na isa na sani."

"Ka sani, ka baro shi? Na hana 'yata kunu a kan irin nan tana kwance!"

"Yaya, da a tukunyarki kika sa, ko da wasa ba zan taɓa ba. A na Ubangiji kika sa."

"Ajiya na ba Shi! Ba kyauta na ba Shi ba!"

"To, ke kika san ajiya ce. Ni bai gaya mini ba."

Tabita ta ce tana jin haka ta ja yara ta shige ɗaki, don ta ga Afiniki tana duban muciya. Afiniki ta ce ya koma yanzun nan ya karɓo. Ya ce abin da aka bayar da sunan Yesu, ba ƙafarsa ce za ta je ta karɓo ba, ko za a yanka shi. Ta daina yi masa magana. Ranar cin Jibin Ubangiji aka zo kanta da jibin, ta sunkuyar da kai ta bar shi ya wuce ba ta ɗauka ba, don ta san zuciyarta ba ta sauka ba, ita kuma ba ta iya munafunci.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita shuka. Suka fito da rabin da ya rage. Afiniki ce ta riƙe ƙwaryar da kanta, tana jefa ƙwaya uku uku a rami, da ƙyar ya rufe gonar. Ya tsiro gwanin kyau. Daga nan sama ta yi shiru. Kin dai ga farin da aka yi bana. Masu ƙasa mai laka shukarsu ta yi yaushi ta jure, amma a kan tsakuwa sai ta nannaɗe ta bushe, ka taɓa ta ta marmashe. Kafin ruwa ya dawo lokaci ya yi nisa, iri kuma babu ko ɗaya. Maƙwabta sun yi kirki, sun kawo nasu irin, amma kowa ya san doguwar dawa ba za ta nuna a tudun nan ba ko a shekarar kirki, balle an makara. Na wuce ta gonar na ga Inna Liyatu zaune a kan dutse, ita kaɗai, hannu a haɓa. Na yi mata sannu na tafi.

Sila kuwa, da yunwa da babu yunwa, yawonsa bai tsaya ba. Ya je cin tuwon suna a ƙetaren rafi, gidan da ko gayyatarsa ba a yi ba, a can ya ji labari. Gonar Baba Irimiya 'yar ƙarama ce, a bakin rafi, ƙasar tana da damshi, fari bai taɓa ta ba. Tsohon kuma idonsa ba ya gani sosai, jikokinsa ne suka yi shukar, suka juye tulu guda a wurin da kashi ɗaya cikin huɗu zai isa. Dawa ta fito cunkus kamar ciyawa. In ba a rage ta ba, ba za ta yi komai ba, shi kuma ba shi da ƙarfin durƙusawa. Sila ya je ya gani da idonsa, ya dawo gida ya tara su ya ce a je a roƙi abin da za a cire, a zo a yi dashe.

Afiniki ta ce, "Gidan Habila bai taɓa roƙo ba." Ta dube shi ta ƙara da cewa, "Ban da kai. Mu je wurin mutumin da wuta ta cinye wa rumbu, mu miƙa masa hannu? A ce mun ba shi da safe mun bi shi da yamma?"

Barnaba ya ce, "A nan kam gaskiyar Yaya ce. Karɓowa ce, ko da wane suna aka kira ta."

Tun ranar tulun, ranar nan ce bakinsu ya fara zuwa ɗaya, kuma a kan a zauna a mutu da yunwa ne. Ki ji fa, Rahila.

Sila ya ce, "To, ku zauna ku riƙe mutuncinku. Ni da ba ni da shi, bari in je in ga abin da rashinsa zai samo mana."

Ya je ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, yau ba gaisuwa na zo ba, roƙo na zo." Ya faɗa masa komai, bai rage ba, har da yadda aka yi irin ya shiga tulun. Tsohon ya ce subhana, ai da ya sani da bai karɓa ba, su zo su tumɓuke duka, nasu ne. Sila ya ce, "A'a, Baba. In na yi haka Yaya Barnaba ba zai sake cin tuwo da ni ba. Abin da za ka cire ka jefa wa awaki, shi nake roƙo. Ni zan cire maka da hannuna, masu ƙarfin in bar maka su."

Kin san dashe ba ya son wasa. Sai ƙasa ta jiƙe, sai rana ta ɓuya, kuma abin da aka cire dole ya koma ƙasa kafin saiwarsa ta sha iska. Gonar tudu kuwa ba aikin mutum uku ba ce a wuni ɗaya. Sai Sila ya bi gida gida yana kiran gayya. Kuma bai ɓoye ba, a kowace ƙofa cewa yake yi, "Gayya ce, amma babu tuwo, babu kunu. Kowa ya zo da cikinsa a cike." Tun da nake ban taɓa jin wanda ya kira gayya haka ba. Wani ko da wuƙa a wuyansa ba zai iya furtawa ba. Mutane suka yi ta dariya. Maigidana ya ce, "Kai Sila, ka cinye mana tuwo shekara da shekaru, yau kuma ƙarfinmu za ka ci?" Ya ce, "Shi ya rage, Baba."

Ranar da hadari ya haɗu ya aro amalanke da shanu, ya aro buhuna ya jiƙa su, ya tafi tun da sassafe. Ya durƙusa a gonar tsohon yana cira ana yayyafi a bayansa, yana datse kan ganyen, yana ɗaurewa. Da ya juyo, rafi ya kawo ruwa. Shanu suka tsaya a baki suka ƙi shiga. Sila bai iya iyo ba, kowa ya san wannan. Ya ɗora dami a ka ya shiga, ruwa har ƙirji, ya ƙetare ya aje, ya koma ya ɗauko wani. A wani zuwan ruwa ya ɗauke masa ƙafa, ya tafi da shi har sai da reshen wata bishiya ya tare shi. Masu kallo suka ce da ya fito bai tambayi takalminsa ba, dama na aro ne, damin yake nema.

Mutane kuwa sun fito. Wasu don Sila ne ya kira, ba a iya ce masa a'a. Wasu don in suka duba jikinsu ko tukunyarsu za su ga hannun Barnaba. Barnaba da ya ga dami a bakin gona, sai ya karɓi sanda ya shiga huda rami. Afiniki ta tsaya daga nesa tana kallo, fuska a ɗaure, can sai ta juya gida. Ashe buhun ƙanzonta ta je ta kwance, ta jiƙa da tsamiya ta dama, ta kawo a manyan ƙore, kowa ya sha ya ƙoshi a gayyar da aka ce babu kunu. Kafin rana ta faɗi an rufe gonar.

Dashen ya kama. Ba zan ce miki an yi abin al'ajabi ba, wasu sun mutu, wasu ba su yi zangarniya ba. Amma gajeriyar dawar nan ta nuna kafin ruwa ya ɗauke, rumbu ya wuce rabi, ga iri an rataye a saman murhu. Baba Irimiya ma ya girbe abin da zai kai shi da jikokinsa wata daminar. Wajen zuba hatsin ne gwiwar Inna Liyatu ta ƙi ta a kan tsani, da ba a tare ta ba da yanzu wata maganar muke yi. Ta tara su ta ce ta gama hawa.

Da kin ga yadda aka yi, da kin ji abin da nake ji. Afiniki ta ce babu wata shawara, ita ce babba, kuma kowa ya ga abin da sakaci yake jawowa. Tabita ta tashi ta goyi bayanta, a gaban mijinta. Barnaba ya ce shi ba ya son tsani, amma in ya shiga hannun Yaya, dintsin tulun Ubangiji zai koma da yatsa biyu ake ɗibarsa, baƙo kuma zai daina sallama a gidan Habila. Sila ya ce shi bai isa ya nemi gado ba, amma in Inna za ta ba shi aron tsanin na shekara ɗaya, za ta ga aiki. Na ce wa Liyatu ta haɗa su su uku su riƙe tare mana. Ta ce ta gwada shekarar da Habila ya rasu, lokacin tana zaman makoki. Wannan ya shiga ya ɗiba yana zaton wancan bai ɗiba ba, wancan ya rufe yana zaton an ba yara, aka kwana da yunwa ga hatsi a rumbu, aka kuma wayi gari hatsin ya ƙare ba a san wanda ya ƙarar ba. Ta ce mutum ɗaya take so, kuma kafin Lahadin godiyar kaka, don wanda ya karɓi tsanin shi zai ɗauki damin gidan ya kai gaban majami'a.

Na yi addu'a, na juya maganar ta kowane gefe, kaina ya yi zafi. In na ce Afiniki, gaskiya ne, da ba ta danne zuciyarta ta hana 'yarta ba, da irin ya zama kunu tun kafin Ista, babu abin da za a bayar, babu abin da za a roƙo. Amma ita ce ta mai da tulun Allah akwatin ajiyarta, kuma da an bi tata, da duka irin ya shiga tsakuwa ranar ruwan farko ya ƙone tare. In na ce Barnaba, gaskiya ne, da bai kai ba, da kuma bai yi shiru a gaban tsohon ba lokacin da gabansa ya faɗi, da babu ko tsiro ɗaya na dawar nan a duniya yau. Amma bai san zai zama haka ba, abincin 'ya'yan yayarsa da na nasa ya bayar, kuma ki ba shi rumbu yau, ki zo bayan Kirsimeti ki leƙa. In na ce Sila, gaskiya ne, da bai zubar da kunya ya durƙusa ba, da bai shiga ruwan da bai iya ba, da dawar tana can ƙetaren rafi awaki suna cinye abin da aka cire, su biyun kuma suna zaune a zaure da mutuncinsu da cikinsu fanko. Amma mutumin da bai taɓa riƙe fartanyar kansa ba, shi za a ba cikin gida guda? Dukansu uku sun ba ni haushi, Rahila, kuma duk wanda na cire a cikinsu sai in ga gidan ya mutu.

Don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki, don Liyatu ba ta so dattawan ikkilisiya su ji kafin ta yanke, in kuwa ta shiga kunnen Sila, kafin yamma ta gama unguwa. Ni dai gobe bayan taron Zumunta za ta tare ni a bakin ƙofa, kuma ba ni da abin da zan ce mata. To, ke da kika ji duka, wa za a miƙa wa tsanin nan: wadda ta riƙe, ko wanda ya bayar, ko wanda ya roƙo?